Kalmar da Muntaka Ya Tsinta a Filin Tsere

Akwai wani saurayi ɗan Funtuwa mai suna Muntaka, wanda ya zo Jidda a shekarar 2008 ya samu aiki a wata masana'antar kwali da ke Madinar Masana'antu, wato yankin masana'antun garin. Dogo ne, marar jiki, ga ƙafa. Tun yana sakandare ba a taɓa shan gabansa a gudu ba, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan.

Yaron kirki ne, ba zan ɓata shi ba. Yana sallah a kan lokaci, duk Juma'a sai ya kira mahaifiyarsa. Cutarsa ɗaya ce: bakinsa ba ya iya furta "ban gane ba". Larabcinsa bai wuce "aiwa" da "halas", wato "e" da "shi ke nan", da ɗan guntun da ya taho da shi daga islamiyya ba, amma ko me aka faɗa masa sai ya gyaɗa kai kamar a Jidda aka yanke masa cibiya.

Amininsa a wajen aiki shi ne Abdulghani, mai tuƙa motar ɗaga kaya. Shi haifaffen Jidda ne, iyayensa Hausawan Sudan ne da ke zaune a unguwar Sa'alaba. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi ta sai ta dogara da Larabci.

To, duk shekara idan zafi ya sauka, wasu masana'antun yankin kan haɗu su shirya wa ma'aikatansu tseren gudu, ranar Alhamis bayan la'asar. Shugabannin kamfani suna cewa motsa jiki ne. Amma ku tambayi samari.

A wata kwana ta hanyar tseren ake kafa wa iyalai rumfa, kuma a bakin rumfar mata ke ajiye teburin ruwan sha na masu gudu. Nan ake yin ainihin gasar.

Sai ka ga mutum ya yi wanka ya fesa turare don zai je ya yi gumi. Wani ya rubuta lambar wayarsa a bayan riga, ƙarƙashin lambar tsere, manya-manya yadda ko mai ciwon ido zai karanta. Wani ya taho yana haki kamar tsohon babur, da ya hango rumfa sai ya miƙe ƙirji ya gyara taku. Akwai waɗanda ƙishirwa ba ta taɓa kama su sai a wannan kwanar.

'Yan mata kuwa suna cikin abaya, kai a sunkuye, wai su ba sa kallon kowa. Alhali babu wanda zai wuce ba su auna shi tun daga kai har takalmi ba. Iyaye mata suna gefe sun sa ido, rabinsu ma surukai suka zo dubawa. An yi aure da dama daga wannan rumfa, gaskiya. Sai dai abin yana da iyaka da kowa ya sani: ido yana iya magana, baki ba ya yi.

Teburin ruwan na gidan Alhaji Bawa ne, wani dattijo mai shagon yadi a Sa'alaba, wanda yake yin abin sadaka duk shekara. 'Yarsa Zaituna ce ke kula da shi, tare da Dela 'yar gwaggonta. Zaituna yarinya ce mai kamun kai. A soron gidansu take koya wa 'yan matan unguwa ɗinki, kuma iyaye sun yarda da ita shi ya sa suke turo mata 'ya'yansu.

Ranar tsere Muntaka ya fito da niyyar cin kofi, ba ruwansa da rumfa. A zagaye na biyu shi ne a gaba. Da ya iso kwanar, maƙogwaronsa ya bushe, ya miƙa hannu wajen tebur. Ashe masu ƙishirwar ƙarya sun shanye kofunan tun a zagayen farko.

Zaituna ta dubi tebur, ta dubi hannun da aka miƙo, kunya ta kama ta. Sai ta ɗaga murya, idonta yana kansa:

"Ruhi! Ruhi, jibi moya!"

Na san 'yan Jidda da ke wannan shafi har sun fara dariya. Ga waɗanda ba su sani ba, a Larabcin mutanen garin idan za ka ce wa mace "jeki", "ruhi" za ka ce. Da Dela take, wadda ke tsaye a bayanta: jeki ki kawo ruwa. Shi ke nan maganar.

Amma Muntaka ɗan Funtuwa ruhi ɗaya ya sani a duniya, wanda samari ke rubuta wa 'yan mata a saƙon waya. Sauran maganar ta wuce ta bayan kunnensa. Abin da ya ji kawai shi ne wata doguwar yarinya ta dube shi cikin ido, a gaban jama'a, ta kira shi ruhinta har sau biyu.

Ƙafafun da ba a taɓa shan gabansu ba suka rage gudu. Yana gudu yana waiwaye, wani ɗan Habasha ya wuce shi, wani ɗan ƙasar Filifin ya wuce shi, har wani mai ƙaton ciki daga kamfanin roba ya wuce shi. Bai damu ba. A ganinsa ya ci abin da ya fi kofi.

"Wace ce doguwar nan ta wajen ruwa?" ya tambayi Abdulghani suna cire takalma.

"Zaituna, bint Ammi Bawa, 'yar Alhaji Bawa. Lesh? Me ya faru?"

"Ruhi ta kira ni."

Abdulghani ya zaro ido. "Zaituna? Ta ce maka ya ruhi? Wallahi?"

"Sau biyu ma."

Da yake ko a Larabci masoya suna kiran juna haka, Abdulghani bai kawo komai a ransa ba, ya dai girgiza kai yana mamaki.

Da Muntaka ya tsaya nan, da sauƙi. Ina! Ya faɗa a motar ma'aikata, ya faɗa a wajen cin abinci, ya faɗa a shagon aski. Kuma kun san labari idan ya yi daɗi a baki, ba ya tsayawa yadda aka haife shi. Daga "ruhi" ya koma "ruhina". Wani ya ƙara da cewa ta karɓi lambarsa. Kafin maganar ta isa Sa'alaba, har an ce sun daɗe suna waya.

Shi yana can yana jin daɗi, ita kuwa duniya ta yi mata zafi. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu daga soron ɗinki, ɗaya bayan ɗaya, kowacce da uzurinta. A gidan suna, in ta shigo sai hira ta mutu. Ta rantse wa mahaifinta ba ta san yaron ba, ba ta ce masa komai ba. Alhaji Bawa ya yarda da 'yarsa, amma yardarsa ba ta rufe bakin unguwa ba. Ya ce daga bana babu wanda zai sake zuwa rumfa daga gidansa, sannan ya rage fita, dattijon da kullum ake ganinsa a sahun gaba a masallaci.

Mahaifiyar Abdulghani ce ta ba ɗanta labari. Washegari da aka tashi hutun azahar, ya ja Muntaka bayan tarin kwali.

"Ya akhi, maganar nan ta zama mushkila. Yarinyar nan kuka take yi. Faɗa min bizzabt, me ta ce? Kalma da kalma."

"Ai na faɗa maka. Ruhi, ruhi... sai kuma wani abu, jibi moya, ko me."

Abdulghani ya dafa kwali, ya durƙusa, dariya ta kama shi har hawaye. Da ya ɗago ya ga fuskar abokinsa, dariyar ta tsaya. Ya yi masa bayani a hankali.

Muntaka ya zauna a ƙasa. Kunya irin wadda bai taɓa ji ba ta rufe shi, sai kuma wani abu da ya fi kunya ciwo ya biyo baya, da ya tuna cewa wata baiwar Allah tana can tana biyan kuɗin wautarsa.

"Yanzu ya zan yi?"

"Uskut kawai. Ka yi shiru. Mutane za su gaji su kama wata magana. In shabab, samarin nan, suka ji wannan, wallahi ba ka da sauran zaman lafiya a Jidda."

"Ni za su manta da ni. Ita fa?"

Muntaka ya miƙe ya koma bakin aikinsa.

Ranar Juma'a bayan la'asar, dattawan Hausawan Sa'alaba kan zauna a ƙofar gidan Alhaji Bawa a sha shayi, samari na gefe suna hidima. Nan Muntaka ya zaɓa. Da zai iya samun Alhaji shi kaɗai a shago, amma ya ce a fili ya ɓata, a fili zai gyara.

Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa. Wurin ya yi tsit, don kowa ya gane shi.

"Baba Alhaji, ni ne Muntaka. Ni na ce 'yarka ta yi min magana a wajen tsere. Na zo in faɗa a gaban iyayena cewa ba da ni take ba. 'Yar'uwarta ta aika ɗebo ruwa, ta ce mata ruhi jibi moya. Ni kuma ban iya Larabci ba, ina ta nuna na iya. Na ɗauka ni take kira ruhinta."

Wani tsoho mai suna Malam Lado yana kurɓar shayi, sai da ya ƙware. Dariya ta ɓarke tun daga kan dattawa har samari, wani har yana dukan darduma. Muntaka yana durƙushe, gumi na zuba, bai ɗaga kai ba.

Alhaji Bawa kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya jira wuri ya lafa.

"Wa ya turo ka, yaro?"

"Babu kowa, Baba."

"Ka san da ka yi shiru babu mai kama ka?"

"Na sani. Amma ni na yi ɓarnar, ita take kwana da ita. Ku yafe min, ita ma a roƙa min ita."

Alhaji ya juya wajen samari ya ce, "Ku da kuka kai waccan maganar gida-gida, ga wata ku kai. Kada ku rage ko wasali." Ya sa aka zuba wa Muntaka shayi.

Sun kuwa kai. Abdulghani bai yi ƙarya ba, Muntaka ya sha tsiya. A masana'anta, direbobi da masu gadi da 'yan Bangaladash ɗin da ba su san kan labarin ba, kowa ya samu abin tsokana. Ya haɗiye, wani lokaci ma ya taya su. Abin da ya sanyaya masa rai shi ne jin cewa soron ɗinki ya sake cika, Alhaji ya koma sahun gaba, matan da suka yi tsegumi kuma suna ta cewa su dama ba su taɓa yarda ba.

Ya kuma koyi sabuwar kalma, "esh ya'ani?", wato me ake nufi. Ya riƙe ta da kyau, har shugabansa a wajen aiki ya gaji da ita.

Bayan aikin hajji, Muntaka ya samu Malam Lado ya ce yana so a nema masa izinin zuwa gidan Alhaji Bawa, ta ƙofa wannan karon. Tsohon ya ce, "Kai ɗan nan, ba ka da ta ido." Amma ya je.

Alhaji ya ce shi ba ya yanke wa 'yarsa hukunci. Ya kira Zaituna gaban mahaifiyarta, ya ce, "Kin san yaron nan shi ya sa ki kuka. Ga masu nema da suka fi shi komai. In ba kya so, kalma ɗaya ta isa."

Zaituna ta ce, "Baba, shekara nawa ina tsayawa a teburin nan. Duk samarin da ke wucewa sun iya nuna kansu. Shi kaɗai na ga ya yarda a yi masa dariya don a daina yi da ni. A ce masa ya zo."

An ɗaura auren kafin azumi. Yanzu suna zaune a unguwar Safa a Jidda da 'ya'yansu, ita tana da shagon ɗinki nata na kanta.

Darasi: In ba ka gane magana ba, tambaya, kada girman kai ya fassara maka ita. Sunan 'yar mutane ba abin hira ba ne, abin da ka faɗa don burge abokai yana iya hana wata barci. Idan kuma ka riga ka ɓata, ka koma inda ka ɓata ka gyara da bakinka, ko da za a yi maka dariya. Ku tura wa samarinmu wannan, musamman masu saurin cewa "ai sona take yi".