Basir ɗin Injiniya Haladu

Ni da nake taƙamar ba a taɓa yi mini wayo a kasuwar Gusau ba, sai da na shekara uku ina sayar da maganin basir a intanet kafin na gano sunan shafina ba nawa ba ne. Kamfanin da ya buɗe mini shi da sunan manajansu, Injiniya Haladu, ya yi rajista. Ni kuwa na sa hannu ina ta zuba, ban duba ba.

Da na je ɗauke shafin zuwa wani kamfani, sai Injiniya ya ce, "Kawo takardar amincewar mai shi."

"Wane ne mai shi?"

"Ni ne, kuma ban amince ba."

Na daki tebur, hannuna ne kawai ya ji jiki. Sai na zauna.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tunda naka ne, gobe zan sa hotonka, in rubuta: ga mai shafi, wanda maganin nan ya raba da basir ɗin shekara goma."

"Ƙarya za ka yi mini? Kotu za ta raba mu!"

"Madalla. Alƙali zai tambaya a shafin wa aka buga ƙaryar. In ka ce naka ne, ƙarar kanka ka kai. In ka ce nawa ne, ka hutar da ni neman takarda."

Sai ya jawo kwamfuta.

"Wane suna zan sa?"

"Ɗan'asabe. Kuma Injiniya, na lura tun ɗazu a karkace kake zaune. Kwalbar farko kyauta ce."