Tsarabar da Kwaɗo Ya Roƙa

An yi wata Bushiya, manomiyar kuɓewa a gefen fadamar garinsu, wadda barci ya kwashe ta a cikin jakar wani matafiyi. Ko da ta farka, sai ga ta a birnin Shikago, can tsakiyar Amurka. Masu binciken kaya a filin jirgin sama sun gan ta sarai, amma da yake ta dunƙule, sai suka ɗauka soson wankin tukunya ne, suka ce a wuce.

Ba ta zo da komai ba sai ƙwayar kuɓewa bakwai ƙulle a ƙyalle. Irin marigayiya uwarta ne, ambaliyar bara ta cinye saura. In waɗannan bakwai suka salwanta, kuɓewar gidansu ta ƙare ke nan.

Ta sami masauki a ƙarƙashin rumfar kayan aiki ta wani lambun unguwa. Maƙwabtanta biyu ne. Akwai Kurege, wanda bakinsa ba ya hutawa, tun da ya ji ta hau jirgin sama ya laƙaba mata Hajiya, ita kuwa ba ta hana ba. Sai wani tsohon Kwaɗo, da ke binne kansa a ƙasa har wata biyar duk lokacin sanyi, komai nasa a hankali.

Bushiya ba ta da aibu sai ɗaya, kowace magana tata da "a garinmu" take farawa. A garinmu albasa ta kai kan jariri. A garinmu baƙo ba ya sauka sai da tsaraba. Zancen noma kuwa, ba ta yarda akwai wanda zai koya mata ba.

Ran nan cikin watan Afrilu, bayan dusar ƙanƙara ta narke, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙasa ta yi ƙamshi. Bushiya ta tona da farce, ta ga danshi ya sauka fiye da kamu guda, sai ta yi guɗa.

"Ruwan shuka! Ku tashi, malalata!"

Kwaɗo ya leƙo da ido ɗaya daga cikin laka. "Baiwar Allah, me za ki shuka?"

"Kuɓewa mana, Baba."

"Ki dakata. Ruwan nan ba shi ne ba. Ga cikina a ƙasa, har yanzu sanyinta na ratsa ni. A nan ba sama ake dubawa ba, ƙasa ake tambaya."

"Ƙasa ake tambaya!" Bushiya ta tafa hannu. "Kai da ka kwashe wata biyar kana minshari, yaushe ka san noma? A garinmu wanda ya bari ruwan farko ya wuce shi, dariya ake yi masa har kaka."

Kurege ya kaɗa jela daga kan shinge. "Hajiya, garin nan fa sau uku yake canza riga kafin azahar. Bara na ajiye bargona a irin wannan rana, bayan kwana biyu sai ga ni ina atishawa."

"Kai rufe mini baki, mai jelar tsintsiya!"

Kwaɗo ya ga ba za ta ji ba. Sai ya ce, "To, na bar zancen. Amma ba ke kika ce a garinku baƙo ba ya sauka sai da tsaraba ba? Ni dai har yau ban ga tawa ba."

Kunya ta kama Bushiya har ƙayoyinta suka kwanta. Ta kwance ƙyalle, ta juya baya, ta zaɓi ƙwaya biyu mafiya ƙanƙanta, ta miƙa masa tana gunaguni. "Tsoho da kwaɗayi, Allah ya sawwaƙe."

Ta ja kunyar shuka a lambun, ta shuka sauran biyar. Kamar an shirya, sai rana ta buɗe, aka yi kwana goma ana ɗumi. Duk biyar suka tsiro, kowace da ganye biyu kamar kunnen ɓera. Kullum da safe Bushiya sai ta bi ta ƙofar ramin Kwaɗo ta ce, "Baba, yaya sanyin ciki?"

Sai kuma iska ta juyo daga arewa. Wata safiya Bushiya ta fito ta tarar raɓa ta daskare a kan ciyawa, lambu ya yi fari fat kamar an barbaɗa gishiri. Ta ruga wurin kunyarta. Da rana ta ɗaga, tsiron nan biyar suka yi baƙi, suka kwanta kamar an watsa musu tafasasshen ruwa.

Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta dunƙule a gefen kunyar, ta ƙi buɗewa. Kurege ya zo da baki cike da magana, ya duba, ya haɗiye abinsa. Ya ajiye mata gyaɗa guda a kusa, ya tafi a hankali.

Haka ta yi ta zama babu walwala har ƙarshen watan Mayu. Ran nan Kwaɗo ya tako, tsalle ɗaya, hutu biyu, ya hau kan kunyar ya baje cikinsa. Ya daɗe a haka, ido rufe.

"Yauwa," in ji shi. "Ƙasa ta ce yanzu."

"Yanzu me, Baba?" muryar Bushiya ta fito daga cikin ƙaya. "Na kashe irin Inna. Babu saura."

Kwaɗo ya tura mata wani busasshen ganye a naɗe. Ta fito da hanci, ta buɗe ido, ta warware ganyen. Ƙananan ƙwayoyin nan biyu ne.

"Ba ka ci ba?"

"Ni ƙwari nake ci, 'yar nan. Me zan yi da kuɓewa?"

Bushiya ta daɗe tana kallon ƙwayoyin. Sannan ta ce, "Baba, a garinku... zurfin nawa ake yi wa rami?"

Kurege ya kusa faɗowa daga shinge. "Jama'a ku zo ku ji, Hajiya ta yi tambaya!"

Duk biyun suka tsiro. Cikin watan Yuli aka yi zafi mai gumi, har Bushiya ta yarda cewa ya kusa kamo na garinsu. Kuɓewa ta fi shinge tsawo, ta fid da fure rawaya mai jan ciki, sak na gonar uwarta. Da Oktoba ta kama, Kwaɗo ya ce ƙasa ta fara sanyaya masa ciki, kafin ya rufe baki Bushiya ta tsinke busassun ƙwanson iri ta kai rumfa.

Ranar da zai koma barcinsa na sanyi, ta zo bakin ramin da ƙulli biyu. Ta riƙe ɗaya, ta tura masa ɗaya.

"Ga tsarabarka, Baba. Na zaɓo manyan. Ko na roƙe ka da kuka, kada ka ba ni sai cikinka ya ce."

Darasin wannan labari shi ne, yara, gwanintar da mutum ya zo da ita daga gida dukiya ce, amma kowane gari da yanayinsa. In kun sauka a baƙon wuri, ku tambayi waɗanda suka daɗe a cikinsa kafin ku zuba abin da ba ku da madadinsa. In kuwa maƙwabcinku ne ya ƙi jin shawara, kada ku tsaya jiran ranar yi masa dariya, ku nemi dabarar da za ku rage masa asara.