Dorina da Dokar Kacalla

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Wata tsohuwar Dorina ce ke sarautar wani tafki tun da Zaki ɗan mamaya ya tattara ya tafi. Kullum tana cin ciyawar kacalla, tana buɗe wa ruwa hanya.

Rannan sai ga agwagin ƙetare, masu zuwa shan rana duk shekara, riƙe da takarda. Babbarsu ta ce, "Ranki ya daɗe, duniya ta amince kada a ƙara taɓa kacalla. Cikinta muke hutawa."

Dorina ta ce, "'Yar nan, in ban ci ta ba, ita za ta ci tafkin."

"Tafki naki ne, amma kowa ya sa hannu, saura ke."

Dorina ta gaji da musu, ta dangwala ƙafa a takardar.

Da shekara ta zagayo agwagi suka dawo, suka tarar kacalla ta shanye ruwan kaf, Dorina na kwance cikin taɓo, duk ta rame.

Babbarsu ta ce, "Ina tafkin?"

Dorina ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "Dokarku ta cinye."

Suka naɗe takardarsu suka tashi neman wani tafkin. Ita kuwa Dorina ba ta da fiffike.

Ƙurunƙus kan ɓera, ni ma bakina ya gaji.