Littafin da Shuni Ya Ɓata

Akwai wani bawan Allah a wani ƙaramin gari can wajen Iseyin a ƙasar Yarbawa, sunansa Oga Adigun. Shekara goma sha tara yana riƙe da laburaren garin, ɗaki ɗaya tal, da wata fanka mai ƙara kamar injin markaɗe.

Masu cika masa ɗaki ba 'yan boko ba ne. Masaƙa ne da manoman rogo da mata masu rini. A cikinsu babu kamar Iya Asake, wata tsohuwa mai rinin yadin Yarbawa da ake kira adire, wadda shuni ya kama hannayenta har gwiwar hannu.

Ko sunanta ba ta iya rubutawa. Amma duk Talata sai ta zo ta sauko da wani ƙaton littafin zanen tufafi, ta bi hotuna da yatsa, ta ce, "Oga, karanta mini abin da suka ce a ƙarƙashin wannan." Ya karanta, ta koma ta fitar da zanen a kan yadi. Da haka take ciyar da jikoki uku.

Littafin nan ya sha wuya. Kowane shafi da shatin yatsunta shuɗi. Haka littafin cututtukan rogo, duk jar ƙasa da manja.

Rannan sai ga takarda daga hukumar da ke sama da su. Za a turo wata mata, jami'ar hukumar, ranar Talata ta duba amfanin laburaren. Wanda aka ga ba a amfani da shi, rufe shi za a yi.

Hankalin Oga Adigun ya tashi. Ya dubi tsofaffin littattafan nan, kunya ta kama shi. Wai kada a ce bai iya aiki ba! Ya tattara su kaf, buhu biyu, ya kulle a sito. Ya jera sababbi dal waɗanda aka ba su kyauta, ba a taɓa buɗe su ba.

Da safiyar Talata sai ga Iya Asake. Ya tare ƙofa.

"Iya, yau ba ranarku ba ce. Manya za su zo daga birni. Haba, dubi hannunki fa!"

Tsohuwa ta dubi hannayenta, ta cusa su cikin zani. "To, Oga. Kada mu ba ka kunya." Ta juya, ta kuma tsaya a hanya tana mayar da sauran.

Jami'ar ta iso, Madam Folarin, mace marar yawan magana. Ta duba rajistar masu zuwa, ta ga suna goma sha ɗaya a wata guda, don masu iya sa hannu kaɗai ke ciki. Ta zaro littafi ɗaya, shafukan a manne. Ta zaro na biyu, haka.

"Oga Adigun, laburare goma sha biyu na zaga. Rajista ba ta dame ni ba, gefen littafi nake dubawa. Littafin da ake karantawa datti gare shi. Naka kamar yau aka sauke su daga kanti. Ko akwai wasu da ban gani ba?"

Jama'a, makullin siton yana aljihunsa! Yatsunsa ma a kai suke. Amma da wane baki zai ce shi ya ɓoye su, shi ya kori masu karanta su? Girman kai ya shaƙe shi.

"Su ke nan, Madam."

Ta yi rubutu, ta yi sallama.

Bayan mako shida aka rufe laburaren. Mota ta kwashe sababbin littattafai, na cikin buhu ko tambayarsu ba a yi ba. Oga Adigun ya rame, amala ma ba ya iya haɗiyewa. Duk wanda ya yi masa jaje, ji yake kamar mari.

Yana zaune a ƙofar gida wata yamma, sai ga Iya Asake da ƙunshin alale a ganye. Tsohuwar da a shekaru ta isa ta haife shi ta durƙusa a gabansa, gwiwa biyu a ƙasa.

"Oga, ka yafe mana. An ce littattafai baƙuwar ta duba ta ce a rufe. Na san nawa ta gani. Wallahi ina wanke hannu kafin in zo, har da toka nake dirzawa, shunin ne ba ya fita. Ni na raba ka da aikinka."

Oga Adigun ya kasa ɗaga ta. Sai ya zube ya kwanta rub da ciki a gabanta, yana kuka kamar yaro, ya faɗa mata komai tun daga buhu har makulli.

Ta fito da hannayenta daga cikin zani, ta juya su.

"Ashe wannan ta zo nema? Da ka bar ni na shiga, ɗana."

Takarda huɗu ya rubuta wa hukuma tun daga lokacin, har da hotunan shafukan nan masu shuni. Amsa ba ta zo ba. Ɗakin yanzu kujerun biki ake ajiyewa a ciki. Duk Talata kuwa za ka gan shi da ƙaton littafi a hamata, ya nufi marinar Iya Asake zai karanta mata.

Darasi: Darajar aikinka tana wurin mutanen da yake amfana, ko da ba su iya sa hannu ba. In an zo auna ka, nuna su, kada ka ji kunyarsu. Kuma in ka yi kuskure aka ba ka damar gyarawa, faɗi gaskiya nan take. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu riƙe da amanar jama'a.