Laifi Arba'in da Ɗaya na Tanimu

An ce wai a wani gari an yi wani tsohon alƙali, Malam Muntari, wanda ya ajiye aiki amma aikin ya ƙi ajiye shi, don kullum zaurensa cike yake da masu neman a raba musu gardama.

Wata rana Malama Kubura marubuciya ta kawo ƙarar Tanimu mai shirya fim. Ta rubuta littafi a kan wata ungozoma, ta ba shi izinin ya mayar da shi fim bisa sharaɗin zai riƙe amanar labarin, in ya saɓa ba za a haska ba. Shekara biyu Tanimu ya yi yana wannan aiki, ga shi tana so a binne shi. Ta zo da takarda, ta lissafa wuri arba'in da ɗaya da ya kauce wa littafin, har da launin mayafi.

Malam Muntari bai karanta littafin ba, bai kuma ga fim ɗin ba, sai dai ya san mutane. Ya karɓi takardar, ya sa aka zuba shayi, ya ce, "Malama, ajiye littafin. Ba ni labarin da bakinki kafin shayin nan ya huce."

Ta fara da sauri. Ƙannen ungozomar biyu ta haɗe su suka zama ɗaya, ta tsallake babin kasuwa, mayafi kuwa ko tunawa da shi ba ta yi ba. Malam yana bin takardar yana soke layi. Da ta iso inda ungozomar ta ratsa ruwan sama ta karɓi haihuwa a gidan mutumin da ya taɓa korarta, ta komo a jiƙe babu wanda ya ce mata sannu, sai muryar Malama Kubura ta karye. Nan ta daɗe, shayi ya huce ba ta sani ba. Malam kansa tausayi ya kama shi.

Ya dubi Tanimu. "Kai yaya ka yi da wannan wurin?"

"Allah ya gafarta Malam, sai na sa maigidan ya durƙusa ya roƙe ta gafara, ya ba ta kyautar gida. Ai 'yan kallo ba sa son a tashi ba a saka wa mai alheri ba."

Malam Muntari ya ce, "Malama, laifi arba'in kin yafe su da bakinki, domin da lokaci ya ƙure miki, ke ma abin da ya yi kika yi. Kai kuma Tanimu, guda ɗayan da ya rage shi ne littafin. Matar nan ta yi alheri ba a gode mata ba, kuma ba ta fasa ba. Da ka biya ta, ka mayar da ita 'yar ƙwadago. Koma ka ƙwace gidan nan, ka bar ta ta tafi a jiƙe, sannan ka haska fim ɗinka."

Tanimu ya sunkuyar da kai, ya ce gobe zai nemo motar ruwa a yi masa ruwan sama, ya sake ɗaukar wurin.

Masu hankali suka ce, amanar labari tana wurin da mai shi ya kasa tsallakewa. Wanda ya kiyaye wannan, sauran duk a yafe masa.