Koken Malam Ashafa Da Ba A Rubuta Ba

Akwai wani matashi a Makarfi mai suna Zakiyyu, ma'aikacin wata ƙaramar ƙungiya mai fafutukar kare muhalli. Yaro ne mai kaifin kai da iya magana, sai dai yana ganin duk wanda bai yi boko ba, ba shi da abin da zai faɗa masa.

A shekarar da abin nan ya faru, ana shirin babban taron ƙasashen duniya kan sauyin yanayi. Aka ɗora wa ƙungiyarsu aikin zagaya ƙauyukan Ikara, Makarfi da Kudan, su tattaro koken manoma, a haɗa rahoton da za a tafi da shi. Aka kuma ce mutum ɗaya daga cikinsu zai bi tawaga.

Tun daga ranar, tafiyar nan ta tsaya wa Zakiyyu a rai.

Su biyu ke zagayen, shi da Madam Rosaline, tsohuwar malamar gona da ta shekara ashirin a Kudan. Ita in ta shiga ƙauye, sai ta cire takalmi ta zauna a tabarma, a gaisa a tsanake, ta tambayi masara, ta tambayi rake, kafin ta kunna waya ta ɗauki muryoyi. Shi kuwa a ganinsa ɓata lokaci ne. Ya tara mutane, ya danƙa musu kwalaye masu rubutun Turanci, ya ɗauki hoto, ya hau babur.

Wata rana a farkon Yuli zazzaɓi ya kwantar da Madam Rosaline, sai Zakiyyu ya tafi shi kaɗai wata unguwa a yankin Janfalan. Ya gama hotunansa yana shirin tafiya, wani dattijo mai suna Malam Ashafa, wanda unguwar ke jin maganarsa, ya riƙo hannun rigarsa.

"Ɗana, zo ka ga wani abu."

Ya kai shi bayan gida. Wani kwazazzabo ne mai zurfi, jar ƙasa a buɗe, saiwoyin itatuwa na reto a gefensa.

"Shekara biyar da suka wuce akuya na tsallake wannan," in ji dattijon. "Ya cinye gonar barkonona, yanzu saura taku goma sha biyu ya iso katanga. Ruwan yanzu ba mu gane masa ba. Sai ya ɗauke sati uku shuka ta ƙone, sannan ya juye na wata guda a yini ɗaya."

Zakiyyu ya duba agogo. Ƙarfe huɗu yana da taro ta waya da manyan ƙungiyar, kuma babu sabis a unguwar.

"Ina tunanin in kwashe iyali mu koma tudu wajen ƙanena kafin marka," Malam Ashafa ya ci gaba. "Amma in har koken nan zai kai, a zo a gyara, sai mu dakata. A gidan nan aka haife ni."

"Baba, kada ka damu," in ji Zakiyyu. "Na rubuta komai. Kafin ruwa ya yi ƙarfi za a turo masu gyara."

Littafinsa yana cikin jaka, ko buɗe shi bai yi ba. Ya faɗa ne kawai don a sake shi.

Dattijon ya yi ta sa masa albarka, har ya sa aka kawo masa ƙwan zabi a ƙwarya.

Zakiyyu ya koma ofis ya tsara rahoto mai manyan kalmomi, ya sa hoton Malam Ashafa a bango saboda furfurarsa ta yi kyau a hoto. Manya suka yaba, aka sa sunansa cikin tawaga.

A ƙarshen Agusta, wata Litinin, aka fara ruwa da hantsi, bai tsagaita ba sai bayan la'asar. Washegari Madam Rosaline ta kira shi.

"Zakiyyu, tsohon nan na bangon rahotonka. Ƙasa ta zame da gidaje huɗu a unguwarsu. Ya fitar da iyalinsa, ya koma taimakon maƙwabciyarsa Hafiza da ba ta iya tafiya, ɗakin ya tafi da su duka biyun."



Ranar sadakar uku suka je gaisuwa. Mutanen da suka rasa gidaje suna zaune a makarantar firamare, tukwane da tabarmi jibge a kan bencina. Madam Rosaline ta shiga ajin da mata suke, shi kuma ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi wa Lantana, matar mamacin, ta'aziyya.

Tsohuwar ta ɗago kai. "Kai ne yaron takarda?"

"Ni ne, Inna."

"Malam kullum yana zancenka. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ya fita ya duba, ya ce ko masu gyara ne. Maƙwabta sun so tashi, ya ce su ƙara haƙuri, yaron ya rubuta." Ta gyara mayafinta. "Abu ɗaya nake so in sani. Takardar ta isa, su ne ba su zo ba?"

Babu wanda ya san gaskiya sai shi. Da ya ce e, da laifin ya tafi kan wasu mutane na nesa da ba a san sunansu ba.

"Inna, ban rubuta ba. Kuma ba ni da ikon turo kowa."

Lantana ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dube shi kawai.

"Ɗana, da ka ce masa ba ka da iko, da yanzu muna tudu gaba ɗaya. Ai ba zai ji haushinka ba."

Suka koma Makarfi. Da kansa ya je ya faɗa wa manyan ƙungiyar abin da ya yi, aka cire sunansa daga tawaga. Madam Rosaline ce ta tafi taron da muryoyin da ta ɗauka. Da ta dawo ta ce minti uku aka ba ta, a wani ƙaramin ɗaki, kujeru fiye da rabi babu kowa.

Lantana ta gama takaba a gidan ƙanen mijinta. Unguwar ta watse, kowa ya nemi inda zai raɓa. Zakiyyu yana nan a Makarfi, ya rage magana ƙwarai. Abokan aikinsa sun ce duk ranar da hadari ya haɗo daga gabas, haka zai ture kwanon abinci ya fita waje ya tsaya, yana kallon sama.

Darasi: In ka ɗauki nauyin isar da koken mutane, ka saurare su da gaske, domin amana ce. Kada ka yi alkawarin abin da ba ka da iko a kai don kawai a rabu da kai. Wani zai iya jingina rayuwarsa da ta iyalinsa a kan maganar da ka faɗa kana duba agogo. "Ba zan iya ba" ta gaskiya ta fi "an gama" ta ƙarya. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu shiga ƙauyuka da sunan wakiltar talakawa.