Kukun da Bai Iya Zama Ba

Akwai wani mutum mai suna Irmiya, kuku ne. Tun yana da ƙuruciya ya bar garinsu ya tafi wani birni da ke bakin teku, ya sami aiki a gidan wani attajiri, ya kuwa riƙe madafar gidan har furfura ta fito masa. Matarsa Lai'atu ta zauna a gida tana noma 'yar gonarsu, tana renon 'yarsu Keziya. Ba ya zuwa ganin gida sai bayan Kirsimeti ta wuce, gama a ranakun biki ne aka fi bukatar kuku.

Irmiya mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya duka, ba ya zagi. Amma yadda ya ga ubansa yana yi haka shi ma yake yi. In an kwashe tuwo, Lai'atu takan kai masa nasa ɗaki, ta durƙusa ta ajiye, ta koma bakin murhu ta ci nata. Ita ma haka ta tarar ana yi, ba ta kuma taɓa tunanin akwai wata hanya ba, sai ranar da shi da bakinsa ya jawo maganar.

Ran nan ya zo hutu, tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, shi kuwa yana ba ta labarin aikinsa, gama in dai zancen abinci ne Irmiya ba ya gajiya.

Ya ce, "Maman Keziya, ai ba ki ga abinci ba tukuna. Kowace shekara, ranar da maigidana da uwargidansa suke tuna aurensu, ba a gayyatar kowa, ba a zuwa ko'ina, a gida ake yi. Ni nake zuwa wurin mahauci in zaɓi tsokar gadon bayan sa, in yanka ta da kauri kamar tafin hannuna. Gishiri da masoro kawai nake sa mata. Sai kasko ya yi zafi har yana hayaƙi, sannan in shimfiɗa ta, in bi ta da man shanu da tafarnuwa. Ga kuma jatan lande ɗanye daga teku, manya-manya, ba irin busasshen nan da kike dakawa a miya ba. Shi ba ya son daɗewa a wuta, da ya yi ja sai ka sauke, ka matse masa lemun tsami."

Ta ce, "To, in ka gama fa?"

"Sai in shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, in kunna kyandir. Shi ya zauna nan, ita ta zauna can, fuska da fuska. Suna ci suna hira. Wani lokaci ma har ta miƙa hannu ta ɗauki na farantinsa."

Lai'atu ta daina ɓarar gyaɗar. Ta ce, "Na farantinsa? Bai yi faɗa ba?"

"Faɗan me? Dariya yake yi."

"Kai kuma kana ina?"

"Ina tsaye jikin bango mana, hannuna a baya. Ina kika taɓa jin kuku ya zauna?"

Ya ci gaba da bayanin yadda ake barin nama ya huta kafin a yanka, amma ita kunnenta ya riga ya bar wurin. Zuciyarta ta tsaya a kan kujeru biyun nan. Ashe akwai matar da takan zauna ta ga fuskar mijinta yana cin abinci! Sai ta ji wani marmari ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ma da za a yi mini irin wannan." Kunya ta hana ta ƙarasawa.

Shi kuwa bawan Allah, nama ya ji an ce. Ya yi murna ƙwarai, ya ce, "Zan yi miki, na yi alkawari. Amma wannan ba abincin kowace rana ba ne. Sai ranar da ta isa."

Da kaka ta yi, Lai'atu ta je kasuwa ta sayo faranti biyu na tangaran, farare, masu zanen ruwan zinariya a baki. Ta naɗe su cikin tsohon zane ta sa a ƙarƙashin akwatinta. Duk lokacin da aka ce Irmiya yana hanya, sai ta fito da su ta wanke, ta goge, ta mayar. In ta kai masa tuwo ɗaki, takan ɗan jinkirta a bakin ƙofa ko zai ce ta zauna. Shi kuwa sai ya ce, "Sannu da aiki," ya jira ta fita kafin ya buɗe kwano.

Kwanci tashi Irmiya ya ajiye aiki ya dawo gida. Lai'atu ta ce a ranta, to, yanzu kam ranar ta kusa. Aka yi auren Keziya, ta tuna masa. Ya ce, "Haba, cikin wannan taron? Ai abincin nan ba ya son hayaniya." Aka haifa musu jika, ta sāke tuna masa. Ya ce naman da ake yankawa a kasuwarsu na tsofaffin shanun huɗa ne, ba zai ɓata sunansa da shi ba. Kirsimeti ta zo, ya ce ina za a sami jatan lande ɗanye a garin da ko kogin kirki babu? Wata shekara kuma ya ce teburinsu yana rawa. Kullum akwai abin da bai cika ba, gama Irmiya gwani ne, gwani kuwa ya gwammace ya fasa da a ce ya yi abu rabi da rabi.

Lai'atu ba ta yi fushi ba, amma abin yana cinta. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, to, ita dai ta daɗe tana hura wa nata dutsen wuta. Tana ganin mijinta kowace rana, tana wanke masa riga, tana jin tarinsa ta bayan bango, duk da haka kewarsa take yi kamar yana can bakin teku. Ta daina tuna masa, sai dai ba ta daina wanke farantan ba.

Ana nan wata damina ciwo ya kwantar da ita. Da ƙyar ta tashi, ta rame, tafiya ma sai da sanda. Wata rana tana zaune tana shan hantsi, Irmiya ya zo wucewa, sai ta ce, "Baban Keziya, ranar nan da ka ce za ta isa, ko za ta iso kafin Ubangiji ya kira ni gida?"

Irmiya ya dube ta sosai, abin da ya daɗe bai yi ba, tsoro kuwa ya kama shi. A makon nan ya nemi wani direba mai zuwa kudu, ya roƙe shi ya kawo masa jatan lande cikin akwatin ƙanƙara. Shi da kansa ya shiga mota ya tafi babban gari, ya tsaya a kan mahauci har aka yanko masa tsokar da yake so. Ya kira kafinta ya gyara ƙafar tebur.

Da ranar ta zo, Lai'atu ta yi wanka, ta ɗaura atamfarta ta zuwa sujada, ta fito da farantan ta miƙa masa. Ya karɓa ya ce, "Madalla, waɗannan sun dace. Ki zauna a ɗaki sai na kira ki." Ta zauna a bakin gado tana jin ƙarar nama a kasko, ƙanshin tafarnuwa da man shanu ya cika gidan, har maƙwabta suna leƙowa ta kan danga. Gabanta yana faɗuwa kamar na amarya.

Da rana ta yi sanyi ya kira ta. Ta fito tana dogara sanda. Ga tebur a gindin mangwaro, ga farin ƙyalle, ga kyandir. Ga farantanta biyu, ya zuba nama a ɗaya, jatan lande a ɗaya, duka a gefe guda. Ga kujera kuma, guda ɗaya tak. Irmiya ya sa tsohuwar farar rigarsa ta aiki da hularta, ya ja mata kujerar ta zauna, sannan ya koma jikin bango ya tsaya, hannunsa a baya. An ce sabo turken wawa.

Lai'atu ta dubi ɗaya gefen teburin inda babu kowa, hawaye suka cika mata ido. Amma ta ga yadda yake kallonta yana jiran yabo, sai ta daure. Ta yi addu'a, ta yanki naman ta kai baki. Ta juya shi nan, ta juya shi can, ya ƙi tauno.

Irmiya ya matso da sauri. "Ya yi tauri ne? Ban taɓa yin nama ya yi tauri ba!"

Ta ce, "Naman ba shi da laifi, Baban Keziya. Haƙoran da suka yi ta jiransa ne suka gaji, suka tafi."

Sai ya ce, "Bari in je in daddatsa miki shi ƙanana, yanzu zan dawo." Ya miƙa hannu zai ɗauki farantin, sai ta riƙe hannun rigarsa.

"Kada ka je ko'ina. Tsayuwar ta isa haka. Ka zauna."

"In zauna? Ni da na dafa?"

"Don me kake tsammani na sayi faranti biyu? Cikina biyu ne? Tun ranar da ka ba ni labarin nan, ba naman ne ya zauna mini a rai ba. Kai nake so in gani a can gefen."

Irmiya ya yi tsaye kamar an dasa shi. Ya waiga neman kujera, babu, gama shi bai taɓa lissafa kansa ba. Sai ya mirgino turmi ya kife shi, ya cire hular aikin, ya zauna a ɗarare kamar baƙo a gidansa. Lai'atu ta raba abincin a farantan biyu, ta tura masa ɗaya.

Ya fara ci. Abincin da ya dafa wa waɗansu shekara da shekaru, sai ran nan ya ci shi a zaune. Ita kuwa ta zuba masa ido. Ta ga ashe da gefe ɗaya yake tauna, ta ga yakan lumshe ido in abu ya yi masa daɗi, abubuwan da ba ta taɓa sani ba duk tsawon zamansu. Can sai ta miƙa hannu a hankali ta ɗauki jatan lande ɗaya daga farantinsa, ta ɓare, ta kai baki. Ya dube ta, ya fashe da dariya, dariyar kuwa ba ta kai ƙarshe ba sai da ta koma kuka.

Ya ce, "Maman Keziya, da kin faɗa mini."

Ta ce, "Na faɗa. Nama ka ji."

Daga ranar, ko kunu aka dama tare suke sha, a teburin nan na gindin mangwaro. Amma kwanakin da suka rage musu ba su kai ko kusa da waɗanda suka zubar ba. Kafin wata daminar ta kewayo Lai'atu ta tafi gida wurin Ubangiji, Irmiya ne kuma ya koma yana wanke faranti biyu.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Matar nan mai jira tana nuna mana zuciyar Ubangijinmu, kukun kuwa mu ne. Teburin shi ne zumunta da Allah cikin addu'a da jin maganarsa. Ubangiji ya daɗe da shirya mana wuri a gabansa, yana marmarin mu zauna tare da shi, mu kuwa muna ta cewa sai ranar da ta isa. Wani ya ce sai ya gyara halinsa tukuna. Wata ta ce sai yara sun girma. Wani kuma yana ganin addu'arsa ba ta da kyan da za a kai gaban Allah. Kullum da ƙafar teburin da take rawa.

Akwai kuma waɗanda suka zo, amma a tsaye suka zo. Kai ne a ƙungiyar mawaƙa, ke ce a zumuntar mata, ku ne masu share majami'a da shirya benci, Allah kuwa ya sāka muku, gama hidima abu ne mai kyau. Irmiya ma ba mugunta ya yi ba, ƙauna ce ta sa shi dafa naman. Kuskurensa shi ne ya ɗauka aikin hannunsa ake so, alhali shi kansa ake jira. Yaushe rabonka da ka zauna shiru a gaban Ubangiji, ba don za ka koyar ba, ba don kana roƙon wani abu ba, sai don kawai ka kasance tare da shi? Mutanenmu sun ce "zo mu ci tuwo" ya fi tuwon daɗi. To, an riga an ce mana mu zo.

Ubangiji ba ya tsufa kamar Lai'atu, haƙurinsa ba ya ƙarewa kamar namu. Amma mu muna tsufa, kwanakinmu kuma ƙidayayyu ne, wanda ya wuce ba ya dawowa. Ku maza, in kun koma gida yau, ku fara da matanku, ku zauna ku ci tare. Sannan dukanmu, kafin rana ta faɗi, kowa ya cire hular aikinsa, ya jawo ko turmi ne, ya zauna a gaban Ubangiji. Ya riga ya ajiye maka naka farantin. Mai kunnen ji, bari ya ji.